Wa Ya Horar da Ƙungiyar Makarantarku?

Ku shiga wata sakandare a Madawa, Buza ko Keita, ku tambayi sunayen daraktocin da sunka riƙe ta, ba za a rasa mai lissafo muku su ba. To ku tambayi waɗanda sunka horar da ƙungiyar ƙwallon makarantar shekara goma baya, sai a shiga kallon juna. Wani ya ce "wani mushe ne dogo mai babur", wani ya ce "ai an yi mashi canjin wurin aiki". Mutum ya share shekaru yana tara yara a filin da rabinsa tsakuwa ne, yana ɗinke ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya tafi ko sunansa ba mu riƙe ba. Ni a ganina wannan rashin kunya ce, kuma tamu ce mu duka.

A Amurka, ƙananan kwalejoji da yawa da ba a san su ba ko a jihar da ke maƙwabtaka da su suna da jerin masu horar da ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, wasu tun kafin 1900: sunan mutum, shekarun da ya yi, wasa nawa ya ci, nawa anka ci shi. Ba wai sun fi mu son wasa ba ne. Sun ɗauki horarwa a matsayin aiki, aiki kuwa ana rubuta wanda ya yi shi.

Kada wani ya ce maganar yara ce. Dubi abin da ya faru da Haruna Dula. Shi ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karon farko a tarihinta, cikin rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. A watan Oktoba na 2010 Mena ta doke Masar 1-0 a Yamai, alhali Masar ce ke riƙe da kofin. Hukumar CAF ta zaɓe shi gwanin masu horarwa na Afirka na 2011. Da anka je Gabon a 2012, anka haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara. Wasa ɗaya Mena ta faɗi, sai anka miƙa wa baƙon ragama, sauran wasanni biyun ma anka faɗi. Daga baya anka yi ta ɗauko wasu daga waje: Gernot Rohr, François Zahoui, Jean-Michel Cavalli. Shi kuwa Dula, da anka ba shi ƴan wasan gida, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da anka yi a Aljeriya farkon 2023. Ƙasar da ba ta ajiye sunan mai horarwa na ƙauye, ina mamaki don ta ture na ƙasa rana tsaka? Rainin tun daga ƙasa ya faro.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce makarantun da yara ke karatu cikin ajin zana, malamai ƴan kwantaragi na jiran albashi, wa ke da sukunin tarihin ƙwallo? To kayen shafi ɗari nawa ne a kasuwar Madawa? Ba fili mai ciyawa nike roƙo ba, littafi ɗaya ne da biro. Kuma malamin da ake yawan canza wa wurin aiki shi ya fi kowa bukatar takardar da za ta shaidi abin da ya yi.

Wasu kuma za su ce mu mutanen baka ne, ba sai mun rubuta ba. Gaskiya ne har yau ana ambaton Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975. Amma ɗan kokowa yana da makaɗa, yana da kirari, yana da rediyo. Wa ya taɓa yi wa malamin wasanni kirari? Ko a harshe ba mu zaunar da shi ba: yau "koc", gobe "antirena", jibi "mushe" kawai. Sarkin fawa da sarkin aska suna da sarauta, ana iya jero magabatansu. Mai horarwa yana da suna a Hausa, amfani da shi ne ba mu yi.

Ga abin da nike nema. Kowace makaranta ta buɗe littafi: sunan mai horarwa, shekarar zuwansa da ta tafiyarsa, wasannin da anka buga da sakamakonsu. Ƙungiyoyin unguwa da ke buga gasar babban hutu su ma su yi haka. Mu kuma ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu zauna da tsoffin ƴan wasa, mu ɗauki muryarsu a waya, mu rubuta da Hausa tun suna da rai.

Ni zan fara da Buza a hutun nan. Wa zai ɗauki Keita da Madawa?