Tsiro Uku a Ɗaki: Raunin da Dokar Wiwi ta Jamus Ba Ta Hango Ba

Tun daga ranar 1 ga Afrilu, 2024, duk baligin da ke zaune a Jamus yana da izinin shuka tabar wiwi tushe uku a gidansa, ya ajiye busasshiyarta har giram 50, ya kuma fita waje da giram 25 ba tare da ya saɓa wa doka ba. An yi ta kai ruwa rana a kan ko hakan ya dace, kuma mafi yawan masu karanta wannan shafi sun riga sun san matsayinsu game da kayan maye. Abin da nake so mu duba daban ne. Dokar ta ɗora nauyin nasararta a wuyan mutumin da bai taɓa shuka ko albasa ba, kuma a ganina nan ne ta fi rauni.

Babbar hujjar Karl Lauterbach, ministan lafiya na lokacin, ita ce karya lagon kasuwar bayan fage: tunda hani bai hana mutane sha ba, gara su samu ta hanyar da hukuma ta sani, ba gauraye, ba dillali. Shirin farko ya ƙunshi shaguna masu lasisi, amma aka janye shi saboda fargabar cin karo da dokokin Tarayyar Turai. Sai aka bar hanyoyi biyu: ko mutum ya shiga ƙungiyar noma wadda membobinta ba za su wuce 500 ba, waɗanda aka fara karɓar takardun neman izininsu a Yulin 2024, ko kuma ya shuka da hannunsa. Samun lasisin ƙungiya ya zama tafiyar hawainiya a jihohi da dama. Ga mutane da yawa, hanyar da ta rage ita ce tukunya, ƙasa da fitila a kusurwar ɗaki.

To mene ne ke faruwa a cikin wannan tukunyar? Sabon manomi ya binne irinsa, bayan 'yan kwanaki tsiro ya leƙo da ganye biyu. A sati na biyu sai ya ga ganyen ya sunkuya. Hankali zai ce masa ƙishirwa ce, sai ya ƙara ruwa. Alhali sau da yawa ruwan ne ciwon. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ƙasa ta jiƙe sharkaf ba ta bushewa, ruwa ya cike waɗannan gurabe, saiwar ta shaƙe ta kasa tura ruwa sama. Don haka tsiron da ruwa ya yi wa yawa da wanda ruwa ya yi wa kaɗan kusan kama ɗaya suke yi a ido. Mai ƙwarewa yakan ɗaga tukunyar ya ji nauyinta, ko ya tura yatsa cikin ƙasa kafin ya yanke hukunci. Sabon shiga kuwa ganye kawai yake kallo.

Ƙasar da ta daɗe a jiƙe kuma gida ce ga ƙwayoyin ruɓa irin su Pythium da Rhizoctonia, masu cin karan tsiro daidai inda ya haɗu da ƙasa. Karan ya sirance, ya yi laushi, da safe a tarar tsiron ya kwanta, kuma ba ya sake tashi. Duk wanda ya taɓa ganin masu noman rani a Kadawa suna rainon irin tumatir ya san wannan cuta, ko da bai san sunanta na boko ba. Bambancin shi ne manomin Kadawa ya gaji ilimin daga mahaifinsa, yana da rana da iskar Allah, kuma ya yafa iri da yawa, idan wasu sun mutu wasu za su tashi. Ma'aikacin banki a Hamburg tushe uku kacal doka ta ba shi.

Haske ma haka. Idan fitilar ta yi nisa ko ta yi rauni, tsiron ya miƙe yana neman ta, ya yi dogon kara siriri da ba zai iya ɗaukar kansa ba. Idan ta matso da yawa, ganye ya ƙone. Sannan ga taki, wanda mai tausayi ke zubawa da zarar ya ga ganye ya yi ɗorawa, ba tare da sanin cewa ƙaramin tsiro yana rayuwa ne a kan guzurin da ke cikin irinsa da ɗan abin da ke cikin ƙasa, kuma gishirin taki na ƙona saiwar da ba ta yi ƙwari ba. Kusan duk abin da zuciya ke raya wa mai raino ya yi a wannan mataki ƙari ne a kan cutar. Mafi yawan lokaci maganin shi ne ya janye hannunsa ya jira, kuma jira shi ne abin da wanda ya kashe kuɗinsa a kan fitila da fanka ya fi kasa yi.

A ce tsiron ya tsallake wannan siraɗi. Akwai sauran wata uku ko fiye kafin girbi, fitila na ci sa'o'i masu yawa kullum, a ƙasar da kuɗin lantarkinta na cikin mafi tsada a Turai. Fiye da rabin mutanen Jamus 'yan haya ne, kuma warin wiwi idan ta fara fure ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Doka ta wajabta a kare shukar daga yara, ta kuma haramta a ba wani ko da kyauta, ko da aboki ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan: tushe ɗaya da ya samu kulawa na iya ba da fiye da giram 50 ɗin da aka yarda a ajiye. Wato wanda ya kasa ya tashi a tutar babu, wanda ya iya kuma dole ya lalata rarar ko ya faɗa cikin laifi. Da wuya a yarda cewa waɗanda suka rubuta wannan sashe sun taɓa tsayawa a gaban tukunya.

Za a iya ce mini wiwi tsiro ne mai juriya, kuma mutum yana koyo. Gaskiya ne. Wanda tsironsa na farko ya mutu zai iya cin nasara a karo na biyu ko na uku, kuma akwai Jamusawa da yawa da suka rungumi abin kamar yadda wasu ke rungumar kiwon tantabara. Amma waɗannan masu sha'awar noman ne. Kasuwar bayan fage tana rayuwa ne da mai son abin a daren Asabar, wanda ba shi da niyyar zama manomi, kamar yadda mai shan shayi ba shi da niyyar dasa gonar ganyen shayi. Shi wannan, ranar da tsironsa ya kwanta, lambar dillalinsa tana nan cikin wayarsa.

Wasu daga cikin ƙasashen da suka riga Jamus ba su jingina da tukunyar ɗaki kaɗai ba. Uruguay, wadda ta halatta wiwi a 2013, ta ba da izinin tushe shida a gida, amma daga 2017 ta fara sayarwa a kantunan magani. Kanada ta ba da izinin tushe huɗu ga kowane gida a Oktoban 2018, tare da buɗe shaguna, har lardin Quebec ya hana noman gida gaba ɗaya kuma Kotun Ƙoli ta goyi bayansa a 2023. Mutum na iya ƙin tsarin waɗannan ƙasashe baki ɗaya, amma aƙalla manufarsu da hanyarsu sun dace da juna. Jamus ta ɗauki manufar Kanada ba tare da kayan aikin Kanada ba.

Wannan ya shafe mu ta fuska ɗaya. A Najeriya, inda shuka wiwi babban laifi ne kuma NDLEA ke ƙona gonakinta a dazukan Ondo da Edo, akan ji masu neman sassauci, tun zamanin da marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu ya yi kiran a noma ta don magani, suna kafa hujja da cewa ai Turawa ma sun halatta. Masu adawa su ma sukan ɗauki “Turai” kamar abu guda. Duk ɓangarorin biyu za su amfana da sanin cewa ƙarƙashin kalmar halattawa akwai tsare-tsare mabambanta, kuma sakamakon kowanne ya dogara da ƙananan abubuwa irin su wa zai samar, a ina, da wace ƙwarewa.

A Jamus ɗin ma, buƙatar da tukunya ta kasa biya ta nemo wata ƙofa. Sauyin dokar na 2024 ya cire wiwin magani daga jerin miyagun ƙwayoyi masu tsauraran ƙa'idoji, sai shafukan intanet suka cika da likitocin da ke rubuta takardar magani bayan an cike 'yar takardar tambayoyi, ba tare da sun ga mara lafiya ido da ido ba. Shigo da wiwin magani daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har ministar lafiya da ta gaji Lauterbach, Nina Warken, ta gabatar da ƙudurin da zai tilasta ganin likita ƙafa da ƙafa, ya kuma hana aika ta ta gidan waya.