Nakiyar Yantala: ruwa ba ya tsami banza

Daren Talata 8 ga Janairun 2008, motar Abdou Mahamane, shugaban gidan rediyon R&M, rediyo mai zaman kansa na farko a Nijar, ta taka nakiya a unguwar Yantala da ke yammacin birnin Yamai. Nan ajalinsa ya same shi, yana hanyar komawa gida. Jami'an tsaro sun tono wata nakiyar ta biyu kusa da wurin. Wata guda kafin haka, ranar 10 ga Disamban 2007, irin wannan masifa ta faɗa wa Maraɗi da Tawa, inda fararen hula biyu suka rasa rayukansu. Har zuwa lokacin, ma'aikaci da ɗan kasuwa na Yamai suna ɗaukar yaƙin tsaunukan Ayar tamkar labarin wata ƙasa, tun da tazarar kusan kilomita 1000 ce tsakaninsu da Agadas. Sai ga shi an binne mutuwa a gefen birnin da ake bi a nufi Tondibiya, inda ƙasa ke horar da kuratan sojanta.

Gwamnatin Tandja Mamadou ba ta ɓata lokaci ba, ta ɗora laifin a kan ƴan tawayen MNJ. Su kuma suka musanta, suka mayar da yatsa kan mahukunta, suna cewa ana neman shafa musu kashin kaji ne. A 2009 Libiya ta shiga tsakani, aka ajiye makamai, a watan Oktoba kuma aka yi afuwa ga waɗanda rikicin ya ƙunsa. Zaman lafiya alheri ne, babu mai jayayya. Amma har yau talaka bai ji daga bakin alƙali sunan wanda ya haƙa ramin Yantala ba, balle dalilinsa.

Wannan giɓi ya fi ƙarfin iyalin mamaci. Duk wanda ya dasa bam yana da abin da yake nema, da wanda yake son ya ji, da wanda yake son ya firgita. Ƙasar da ba ta tsaya ta gano wannan ba, a makance take yaƙi. Akwai masu ganin cewa tambayar dalili wanke mai laifi ne. Sun yi kuskure. Likitan da ya binciki asalin annoba ba abokin annoba ba ne, kuma alƙalin da ya tambayi mai kisa abin da ya kai shi bai rage masa ko kwana ɗaya na hukunci ba. Kisan wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne a addini, babban laifi ne a doka, ko wace irin hujja aka kawo. Neman dalili kuwa hanya ce ta hana na gobe.

Sau da yawa ɗan gida ne

Abu na farko da kan zo bakin mahukunta in bam ya tashi shi ne: baƙi ne, hannun waje ne. Magana ce mai daɗin ji, domin tana wanke kowa. Tarihi bai cika goyon bayanta ba.

Ranar 19 ga Afrilun 1995 wata babbar mota maƙare da takin zamani da aka haɗa da mai ta tarwatsa wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma na Amurka. Mutum 168 suka mutu, 19 daga ciki ƙananan yara. Kafin ƙura ta lafa, kafofin labarai sun karkata zargi ga Larabawa da Musulmi. Da bincike ya kammala, sai ga Timothy McVeigh, Ba'amurke haifaffen ƙasar, tsohon sojan da ya yi yaƙin Tekun Fasha. Fushi yake da gwamnatinsa a kan farmakin da jami'anta suka kai a Waco shekara biyu cif kafin ranar. An gurfanar da shi, an yanke masa hukuncin kisa, an zartar a 2001. Da an bi zargin farko, da an tsangwami marasa laifi, mai laifi kuma yana shan iska.

A maƙwabta ma an ga haka. Ranar 1 ga Oktoban 2010, ana bikin cikar Najeriya shekara 50 da samun ƴancin kai, bama-bamai biyu suka tashi a Abuja, mutum 12 suka halaka. Ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ta ce ita ce, amma shugaba Goodluck Jonathan, ɗan yankin, ya fito ya ce ba ita ba ce. Lokacin zaɓe ya ƙarato, har aka gayyaci daraktan kamfen ɗin Janar Babangida don amsa tambayoyi. Sai a 2013 wata kotu a Afirka ta Kudu ta sami Henry Okah, jagoran MEND, da laifi, ta ɗaure shi shekara 24. Darasin a fili yake: in siyasa ta riga alƙali magana, gaskiya ce ke shan wahala. Inda kuma ba a kai ga alƙali ba, kamar wasiƙar bam da ta kashe ɗan jarida Dele Giwa a Legas a 1986, zargi ne ke zama gado daga iyaye zuwa ƴaƴa.

Ƙara ɗaya, manufa daban-daban

Bama-baman da suka tashi a Nijar cikin shekaru ashirin da suka wuce ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Akwai na mai neman kaso. MNJ, wadda ta fara da harin Iferwan a Fabrairun 2007, ta ce tana neman a cika alƙawuran yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, a kuma ba arewa rabonta daga arzikin yuraniyom. Nakiyoyin da aka binne a hanyoyin jihar Agadas motocin soja aka nufa da su, amma nakiya ba ta karanta lambar mota: ta ci direbobi da fasinjoji, ta kashe harkar yawon buɗe ido da dubban iyalai ke ci da ita. A Yunin 2024 ma, ƙungiyar FPL ta ɗauki alhakin fasa bututun man da ke tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, tana neman a saki Mohamed Bazoum. Irin waɗannan, ɓarnarsu ciniki ce: suna ɗaga farashi ne kafin a zauna.

Akwai na mai hukunta gwamnati saboda siyasarta ta waje. Da asubahin 23 ga Mayun 2013, motoci biyu ɗauke da bam suka afka wa barikin sojan Agadas da ma'aikatar Somaïr ta Arlit. Fiye da mutum 20 suka mutu, akasarinsu sojoji. Ƙungiyar MUJAO da mutanen Mokhtar Belmokhtar sun faɗi dalilinsu ƙarara: Nijar ta tura dakaru Mali kafaɗa da kafaɗa da Faransa. An tsara abin daga nesa, amma mota ba ta ratsa hamada ta dace da ƙofar bariki ba tare da wanda ya san ƙasa ba.

Akwai kuma na mai son jefa tsoro tsagwaronsa. Tun daga Fabrairun 2015, da Boko Haram ta tsallako Komadugu ta far wa Boso da Difa, kasuwa da sansanin ƴan gudun hijira suka zama wuraren farauta. A nan dole a raba mai aike da wanda aka aika. Bayan harin kasuwar Kantin Kwari ta Kano a Disamban 2014, wata yarinya mai shekara 13 da ta ƙi tayar da nata bam ɗin ta shaida wa manema labarai cewa mahaifinta ne ya miƙa ta. Hukumar UNICEF ta ƙirga yara 83 da aka ɗaura wa bam a arewa maso gabashin Najeriya daga Janairu zuwa Agustan 2017, 55 daga cikinsu mata. Wace aƙida ce a kan yarinyar da ba ta ƙare firamare ba? Ita ma ganima ce. Mai aƙidar yana can cikin daji, bai taɓa ɗaura wa ɗansa ba.

Sai na ramuwa, wanda ya fi kowanne wuyar magani. A arewacin Tilaberi, samari makiyaya da dama sun fara ɗaukar bindiga ne saboda satar shanu da rikicin makiyaya a kan iyakar Mali, shekaru kafin masu iƙirarin jihadi su zo su ba su tuta. Binciken da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2017 ya nuna cewa kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu, suka kuma faɗi abin da ya tunzura su a ƙarshe, sun ambaci wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Fiye da rabinsu sun amsa cewa ba su da wani ilimin littattafan addini. Boko Haram kanta ba ta fara ƙunar baƙin wake ba sai a 2011, shekara biyu bayan an kashe Muhammad Yusuf a hannun ƴan sanda ba tare da shari'a ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin da ke ƙara ciwo

Cuta huɗu ke nan, kuma kowace da maganinta. Mai neman kaso ana iya zama da shi. Mai aika yara kasuwa da bam sai ƙarfin soja da kurkuku. Yarinyar da aka aika ceto take buƙata. Mai ramuwa kuwa, in ba a nuna masa akwai kotun da za ta bi masa haƙƙi ba, ƙanensa zai gaje shi. Hukumar da ta zuba su duka a kwando ɗaya, ta rubuta «ƴan ta'adda» ko «ƴan fashi» a kai, ta rufe wa kanta ido.

Ƴan kasuwa sun ɗanɗana sakamakon haka. A 2015 dokar ta-ɓaci a Difa ta hana hawan babur, ta hana cinikin tattasai da na kifin tafkin Cadi, domin a toshe wa Boko Haram hanyar kuɗi. Niyyar tana da hujja. Sai dai waɗannan su ne ginshiƙan tattalin arzikin jihar, kuma an ɗauki shekaru kafin a sassauta. Ɗan kabu-kabun da aka raba da babur, da manomin da tattasansa ya ruɓe a buhu, ina aka so su nufa, alhali wancan ɓangare kuɗi da babur yake yaudarar samari da su?

Masu tambaya ma ba su tsira ba. Moussa Kaka, wakilin rediyon Faransa, ya shafe fiye da shekara guda a tsare daga Satumban 2007 saboda ya yi waya da shugabannin MNJ, abin da aikinsa ne. A 2015 an kama Moussa Tchangari bayan ya soki yadda aka kwashe mazauna tsibiran tafki. A 2017 kuma, da aka fara shari'ar kimanin mutum 1000 da ake zargi da shiga Boko Haram, a rufe aka yi ta. Ga dama ta ji daga bakin masu laifi yadda aka ɗauke su, da wanda ya biya, da abin da aka faɗa musu, amma jama'a ba ta amfana ba.

Waɗanda ke biyan bashin

Wanda ke biyan kuɗin wannan makanta shi ne yaron da ke atisaye a Tondibiya: ɗan manomi daga Doso, ɗan malamin lakwal daga Damagaram, ɗan mai tebur daga kasuwar Katako. A Mayun 2019, sojojin da suka bi sawun waɗanda suka kai hari gidan kason Kutukale sun faɗa tarko kusa da Tongo Tongo, 28 ba su dawo ba. A Inates an rasa 71 a Disamban wannan shekara, a Cinagodar 89 a Janairun 2020. A farkon 2020 ɗin ne binciken ma'aikatar tsaro ya bankaɗo asarar sefa biliyan 76 a kwangilolin sayen makamai na 2014 zuwa 2019. Kurtun da aka tura gaba yana da haƙƙin ya san wanda yake yaƙa da abin da ya kawo yaƙin, yana da haƙƙin kayan aikin da aka biya da sunansa.

Bam kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Yaƙin Cadi da Libiya na shekarun 1980 ya bar nakiyoyi birjik a arewacin Cadi. A Yunin 2011 sojojin Nijar sun tare wani ayari a arewacin Arlit ɗauke da fiye da kilo 600 na Semtex daga rumbunan Libiya. Na yau kuwa sau da yawa haɗin gida ne, da takin zamani da abubuwan fasa dutse irin na mahaƙar zinariya. Duk wannan kaya yana bi ta hannun wani dillali, yana wuce gaban wani ɗan duwan, yana da takardar da wani ma'aikaci ya buga wa hatimi ko ya kau da kai. Ɗan kasuwar da ya sayar bai tambaya ba, da ma'aikacin da ya karɓi na goro, su ma suna cikin lissafi, kuma kasuwarsu ce da ofishinsu za a iya tayarwa gobe.

Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe maganar kisan Cintabaraden na 1990 a bainar jama'a, ana ji a rediyo, kuma ƙasa ba ta rushe ba. Abin da ake buƙata bai wuce wannan ƙarfin hali ba. Duk inda bam ya tashi, minista ya dakata har alƙali mai bincike ya yi aikinsa. Shari'ar ta'addanci a yi ta a buɗe, a bar ƴan jarida su shiga su rubuta. In za a yi afuwa, a fara faɗin gaskiya tukuna, domin ba a yafe laifin da ba a san mai shi ba. Dokar da za ta rufe kasuwa ko ta hana sana'a kuwa, a shawarci masu sana'ar kafin a sa hannu, a kuma yanka mata wa'adi. Iyalan waɗanda suka mutu a Maraɗi da Tawa da Yantala suna bin ƙasa bashin amsa, kuma afuwar 2009 ba ta biya shi ba.