A Kai Mu Mu Hau Dutse Kafin Mu Gama Aji Uku



Sunan babban birnin jiharmu Dutse, amma da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin dutsen da ya kai tsayin ɗaki ba. Daga nan Gagarawa har Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, ƙasar a shimfiɗe take, yashi ne da gonakin gero da riɗi da zoɓo. Abin da ya fi komai tsayi a wurinmu shi ne kuka da ƙarfen sabis. A aji ana koya mana tudu da kwari da duwatsu, mu zana su a littafi, mu haddace, mu rubuta a jarrabawa. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ra'ayinmu shi ne a riƙa kai kowane aji yawon buɗe ido sau ɗaya, su hau dutse da ƙafarsu kafin su gama aji uku.

A wasu ƙasashe mutane na ɗora kekuna a kan mota, su yi doguwar tafiya zuwa duwatsun hamada, su hau wasu da ƙafa, wasu da keke. Kekunan nasu masu kaurin taya ne da giya da yawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara wannan wasa a shekarun 1970, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1996. Mu ma muna da duwatsun hamada a arewa da mu, wato duwatsun Azbin na jihar Agadas a Nijar, inda ƙololuwar Bagzam ta kai mita 2,022. Ta can ayarin raƙuman Buzaye suke saukowa da gishiri zuwa ƙasar Hausa tun zamanin kakanni. Sai dai Azbin ta yi mana nisa, ga ƙetare iyaka, ga maganar tsaro, don haka ba can muke roƙo ba.

Abin da muke nema yana kusa. A garin Dutse akwai manyan duwatsun da suka ba garin suna. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse, zanen yana nan har yau. A Kano akwai Dala da Goron Dutse. A kan Dala ne tarihi ya ce Barbushe ya zauna, kuma wanda ya hau zai hango birnin Kano a ƙarƙashinsa. Kowanne a cikinsu mota za ta kai mu da safe ta dawo da mu kafin magariba.

Mun san abin da za a ce: babu kuɗi. Gaskiya ne, mai ya yi tsada, kuma idan aka ce kowa ya kawo kuɗin mota rana ɗaya, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su je. Shi ya sa muke ba da shawarar a yi asusu. Idan kowane ɗalibi yana ajiye naira 100 a mako a hannun malamin aji, cikin mako 30 ya tara naira 3,000. Abin da ya rage sai a roƙi ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai su cika. Wanda bai iya biya ba, a tafi da shi. Kuma kada a bar 'yan mata a gida. A haɗa su da malamai mata, iyaye su sa hannu a takarda, domin jarrabawa ɗaya muke rubutawa da su.

Za a kuma ce akwai haɗari. Akwai, amma yana da magani. A je da hunturu, a Disamba ko Janairu, kada a je da bazara lokacin da dutse ke ɗaukar zafi kamar tanda. A fara hawa da sanyin safiya. Kowa ya riƙe gorar ruwa, ya sa takalmi sau-ciki, ban da silifas mai santsi. Malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kuma a nemi ɗan gari ya yi jagora. Babu tsere, babu cusa hannu a kogo saboda maciji da kunama.

Mu ma ɗalibai akwai namu aikin. Kafin a kai mu, mu shirya jikinmu a nan gida. Da yawanmu da keke muke zuwa makaranta, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa keke a cikin yashi ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Muna roƙon malamin wasanni ya riƙa fita da mu ranar Asabar, masu keke da masu ƙafa, mu zaga ƙauyukan kusa. A nan za mu koyi yin faci idan tsidau ya huda taya, da gyaran birki, da jiran wanda ya gaji. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, su duba wannan magana a zamansu na gaba. Duk ɗalibin da ya goyi baya, ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka liƙa a ƙarƙashin wannan rubutu. Ranar Juma'a za mu miƙa ta ofis.

Daga ɗan aji biyu, a madadin ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.