Zancen Zango: Zinariyar da Ba Ta Shiga Aljihu

 Maganar da za mu yi a wannan karo wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a unguwarmu ce ta jawo ta. Ta same mu wata ranar Asabar riƙe da wayarta, ta ce kuɗin da take tarawa a MoMo don zubin adashi sun yi ƙafa, har sidi 400. Da aka matsa bincike sai aka tarar ɓarawon a cikin gida yake kwana. Ɗanta ne, ɗan shekara 15. Ya ga talla a wani zauren hira na waya cewa ana sayar da daimon, wato kuɗin da ake kashewa a cikin wani wasan harbe-harbe da yake yi, a rabin farashi. Ya biya, an zuba masa, ya sayi bindiga da tufafi ya yi ta burga a cikin abokansa. Bayan mako biyu masu wasan suka rufe asusunsa, mai tallan kuma ya toshe lambarsa.

Tambayar da uwar ta yi mana ita ce: shi wannan daimon yana ina, a nuna mata, ko a mayar a karɓo mata kuɗinta?

To Hajiya, ba ya ko'ina. Lamba ce kawai rubuce a cikin kwamfutar kamfani. Amma kada mu yi saurin yi wa yara dariya. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Salaga da wuri suke ciniki, ɗan ƙwanson teku wanda ba a ci ba a sha. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, haka ma sidi daga sunan wuri a harshen Akan ya samo asali. Duk abin da jama'a suka yarda su ba da guminsu a kansa ya zama kuɗi, kuma inda kuɗi ya sauka nan ɓarawo yake shimfiɗa tabarma.

Wannan kasuwa ta girmi yaron Hajiya. Tun wajen 2005 akwai ɗakuna a ƙasar Sin inda samari ke zama awa 12 a gaban kwamfuta suna kashe dodanni a wasan World of Warcraft, suna tara zinariyar wasan, iyayen gidansu na sayar wa 'yan Turai da Amurka waɗanda ba su da lokacin tarawa da kansu. A 2011 wani tsohon fursuna ya shaida wa jaridar Guardian cewa a gidan yarin Jixi da rana su fasa dutse, da dare gandirobobi su tilasta musu wannan noma. Da kuɗin Benezuwela ya zama takarda, mutanen ƙasar da dama da zinariyar wasan RuneScape suka riƙa ciyar da iyali. Waɗannan ko ba komai sun yi aiki, dokar wasa kaɗai suka karya.

Masu kutse kuwa ba su da wannan haƙuri. Wasu samari huɗu a Amurka sun ƙera manhajar da ke yaudarar kwamfutocin kamfanin EA, tana nuna musu cewa an buga dubban wasannin ƙwallo na FIFA cikin 'yan daƙiƙoƙi, kamfani kuwa yana ta biyan ladan wasannin da ba a buga ba. Suka kwashi sulallan suka sayar wa dillalai a Turai da Sin, suka tara dala miliyan 16. A 2016 shari'arsu ta kai kotu a Texas, aka kwace kuɗi da motoci masu tsada. Shekara biyar kafin nan 'yan sandan Koriya ta Kudu sun kama wasu da suka yi hayar gwanayen kwamfuta daga Koriya ta Arewa don su ƙera musu manhajar da ke buga wasan Lineage ita kaɗai dare da rana, cinikin da aka ce ya kai kusan dala miliyan 6.

Amma abin da ya fi kusa da ƙofar gidajenmu shi ne katin banki na sata, kuma muna kyautata zaton shi ne ya ci yaron Hajiya. Ga yadda abin yake. Wani ya saci lambar katin wani bawan Allah a wata ƙasa. Ba zai iya cire kuɗin kai tsaye ba tare da an bi sawunsa ba, sai ya sayi daimon na sidi 800 da katin, ya sayar wa yaronmu sidi 400 ta MoMo. Ka ga kuɗin sata sun yi wanka sun fito fes. Ranar da mai kati ya farga ya kai ƙara banki, banki ya janye kuɗinsa daga kamfani, kamfani kuma ya duba asusun da aka zuba wa kayan. Sunan wa zai gani? Ba na ɓarawon ba. Abin ya yi yawa har a watan Oktoba na 2019 kamfanin Valve ya hana sake sayar da makullan akwatin da ake saye a wasansa na Counter-Strike, yana mai cewa kusan duk makullan da ake juyawa a kasuwa da kuɗin damfara aka saye su. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Wani mai tallan ma zai ce ka ba shi sunan asusunka da lambar sirri don ya zuba maka da kansa, sai ka wayi gari ya canza makulli ya sayar da gidan ɗungurungum.

Wasu za su ce ai wasa ne, wace kotu za ta saurara? A ƙasar Holan a 2007 wasu matasa biyu suka doki wani yaro ɗan shekara 13, suka zare masa wuƙa har ya miƙa musu laya da abin rufe fuska na cikin RuneScape. Lauya ya ce ba a saci komai ba tunda kayan ba su wanzu. A 2012 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce sata ce, domin yaron ya ɓata lokaci da ƙarfi kafin ya same su. A nan Gana ma dokar mu'amala ta na'ura ta 2008 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, sayen kayan sata da sani kuwa laifi ne tun fil azal.

Abin da ke damunmu ya wuce sidi 400. Kalmar sakawa da duk ƙasar nan ke kiran damfarar intanet da ita, an ce daga Hausarmu aka aro ta, kuma mun san yadda ake kallon yaron da ya ce daga Nima ko Aboabo ya fito in ya je neman aiki. Mai saye a yau shi ake cewa gobe ya kawo abokansa biyar a ba shi kyauta, jibi a ce ya ba da aron lambar MoMo ɗinsa a karɓi kuɗi da ita. Lambar kuwa da katin ɗan ƙasa na uwarsa aka yi mata rajista.

Mun raka Hajiya ta canza lambar sirrinta, mun kuma kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet, mun ba da lambar mai tallan. Kuɗi dai ba su dawo ba. Yaron yanzu shi ke ɗaukar bokitin koko zuwa bakin titi kowace asuba kafin ya tafi makaranta, uwar na rage masa sidi biyar a kan bashin kullum. Jiya da muka je sayen ƙosai ya ce mana saura kwana 52.