Huda ƙarfe ba ƙasƙanci ba ne, 'yan uwana ɗalibai

'Yan uwa ɗalibai 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman masu karantar injiniyan lantarki da fiziks. Maganar yau wasu za su ɗauke ta wasa, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Magana ce a kan huda akwatin ƙarfe.

Duk wanda ya leƙa wurin da yaran makaranta ke koyon kiɗa, ko coci ko wani taro, ya ga ɗan akwatin da mai jita ke takawa da ƙafa sautin ya sauya. Feda ake ce masa. Na waje tsada gare shi saboda dala, shi ya sa wasu abokan karatunmu ke haɗa nasu a ɗaki, har su sayar wa makaɗa. Mu kuwa sai mu taɓe baki mu ce kayan kiɗa ne, ba ruwanmu. Ni ina ganin da ruwanmu, kuma asara muke yi.

Abin da ke cikin fedar ba wani abin tsoro ba ne. Fuzz Face, wadda ta fito a Ingila a 1966 kuma Jimi Hendrix ya yi suna da ita, taransista biyu ne kacal a cikinta da 'yan ƙananan kaya. Ɗan aji biyu zai haɗa ta a yini ɗaya. Inda ake gane mai hannu shi ne akwatin. Waya idan ka liƙa ba daidai ba, sai ka narkar da dalma ka sake. Rami kuwa idan ka huda shi a karkace, shi ke nan, ya zauna.

Akwatin da aka fi amfani da shi na alminiyam ne, samfurin 1590B na kamfanin Hammond: tsawo kamar santimita 11, faɗi 6, kauri 3. A wannan ɗan wuri za ka shigar da makunnin da ake takawa, da abubuwan murɗawa biyu ko uku, da soket biyu na wayar jita, da soket ɗin wuta, da 'yar fitila. Kowanne da girman raminsa. Makunnin ƙafa yakan ci milimita 12, abin murɗawa 7, soket ɗin jita tsakanin 9.5 da 10, fitila 3 ko 5. Duk da haka ka auna naka da kanka kafin ka huda, don kayan kasuwa sukan bambanta.

Ga yadda masu yi suke yi. Ka rufe saman akwatin da salatif na takarda, ka zana layin tsakiya, ka sa alamar kowane rami. Sai ka jera kayan a ciki ka gani ko za su zauna. Nan mutane da yawa ke faɗuwa: daga waje wuri ya yi kyau, amma a ciki gindin soket ya tokari makunni, ko ka manta kusurwa huɗun nan akwai mazaunin sukurori. Idan ka gamsu, ka ɗora ƙusa mai tsini a kan kowace alama ka ɗan buga, don kada bakin injin ya zame. Ka fara da ƙaramin baki na milimita 3, sannan ka faɗaɗa da bakin nan mai hawa-hawa kamar matakala. A hankali, ba da gudu ba, da ɗigon mai ko kananzir. Kada ka riƙe akwatin da hannu, ka matse shi a jikin tebur, don idan baki ya kama shi zai juya ya yanke ka. Ka sa gilashin kariya, ka naɗe hannun riga. 'Yan uwa mata a ɗaure gefen hijabi. A ƙarshe ka goge bakin ramin da magagari, ka kakkaɓe ɓurɓushin tas, don ƙwaya ɗaya ta alminiyam ta isa ta haɗa layi biyu ta kashe maka aiki.

To ina ilimin yake? Ai a nan yake. Me ya sa akwatin ƙarfe, ba na roba ba? Saboda ƙarfen ne ke kare ɗan raunanan sautin jita daga ƙugin wutar gida, wadda a Najeriya ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Kariyar kuma ba ta aiki sai jikin akwatin ya haɗu da layin negatif ta wurin soket. Idan fenti ya shiga tsakani, sai ka kankare. Sannan yawancin fedoji suna bin tsarin kamfanin Boss, bolt 9, tsakiyar fulogi negatif, gefensa fozitif. Ka sa soket ɗin wuta na ƙarfe a wannan rami, fozitif ya taɓa jikin akwati, wuta ta haɗe. Dole sai mai jikin roba. Duk wannan mun rubuta shi a jarrabawa mun ci maki, amma sai ka riƙe akwatin a hannu kake fahimtarsa.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce shi ba ya harkar kiɗa saboda addininsa. Na girmama wannan, kuma ban ce kowa ya ɗauki jita ba. Hudar da za ka yi wa feda ita ce za ka yi wa akwatin inbata, da na cajar sola, da na na'urar furojet ɗinka. Ka zaɓi wanda ranka ya kwanta da shi. Wani zai ce ba shi da injin. Mutum biyar su yi karo-karo su sayi ɗaya, ko ku je ɗakin ƙere-ƙeren sashenku ku gaida ma'aikatan da ladabi, ku ce a koya muku.

Amma gaskiyar magana, babbar matsalarmu raini ne. Mun taso muna ganin duk mai baƙin hannu bai yi boko ba. Alhali a Panteka ta Kaduna akwai waɗanda ba su taɓa zama a ajin jami'a ba, suna ƙera injin niƙa daga tarkacen ƙarfe. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau ake sauraron jitarsa a Amurka da Turai, da kansa ya haɗa ta farko, da wayar birkin keke. Mu da muke da lissafin a kai, me ya sa za mu kammala digiri ba mu iya fitar da rami ɗaya mai kyau ba?

Kowace shekara muna gani. Saura mako guda a kare furojet, sai a ruga kasuwa a biya wani ya haɗa, ko a ɗauko robar abinci a ƙona mata rami da ƙarfen liƙi mai zafi. Malami na ɗagawa waya ta fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai ɗauke ka aiki, ko ya sayi abin da ka ƙera, akwatin zai fara gani kafin ya tambayi makinka.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa: cikin kuɗin da muke kashewa a ranar al'adu, a ware kaɗan a sayi injin huda ɗaya, da baki mai hawa-hawa, da akwatuna. A sa Asabar ɗaya a wata, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, maza da mata. A fara da guntun alminiyam da aka yar, kowa ya huda rami biyar a layi ɗaya, a auna a gani.

Wanda ke da ja ya faɗi hujjarsa, muna saurare. Allah Ya sa albarka a karatunmu da hannayenmu.