Agogon zamani: kafin mu tambayi kuɗinsa, mu tambayi batirinsa



Agogon nan da ake haɗawa da salula ya cika hannun samari da ƴan mata, har ya fara shiga kayan lefe. Amma kukan da muke ji iri ɗaya ne: yana sabo ya yi kwana biyu ko uku da caji, bayan wasu watanni ko la'asar ba ya kaiwa. Daga nan sai a jefa shi cikin akwati. Mu a ganinmu wannan asara ce da za a iya ragewa.

Batirin agogon na lithium ne, irin na salula, sai dai ƙarami ne ƙwarai. Yawancinsu tsakanin mAh 200 da 500 suke, alhali na salula yakan kai 5000. Ko kamfanin Apple, da tsadar kayansa, awa 18 ya daɗe yana alkawartawa a caji ɗaya, ya kuma ce agogon ya fi aiki daidai idan zafi bai wuce digiri 35 ba. To mu nan, a watan Afrilu da Mayu, 40 ma wuce ta muke yi. Zafi yana tsufar da batir, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Ga kuma matsalar kuran. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba NIGELEC. A ƙauyuka da yawa ma har yau da hasken rana ko janareto ake caji. Agogo sai ya mutu murus ya kwana biyu a haka, sannan a kai shi wurin mai caji, a ajiye shi cikin rumfar kwano da tsakar rana. Mutuwa murus da caji cikin zafi, su biyun nan ne suka fi kashe batir.

Abin da ke hannunmu mai sauƙi ne. A rage hasken fuskar agogon, a kashe tsarin da ke barin ta a kunne kullum. A hana kowane saƙon WhatsApp girgiza shi, ko wane gurup kake ciki. Awon bugun zuciya na kowane minti da GPS, in ba a buƙata, a rufe su. A sa caji tun bai sauka ƙasa da kashi 20 ba, a inuwa, kada a bar shi kan sirdin babur. In kuwa aka ga gilashi ya fara ɗagowa, batir ne ya kumbura: a cire shi daga hannu nan take, kada a huda shi, don yana iya kamawa da wuta.

Sai dai laifin ba na mai saye ba ne kaɗai. Kayan nan galibi ta Kano suke biyowa, su shigo mana ta iyakar Babura ko Maigatari, ba garanti, ba batirin canji, bayansu manne da gam. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairu 2027 yawancin ƙananan na'urori dole mai su ya iya canza musu batir. Mu ba mu da irin wannan doka, amma muna da baki. Kafin ka ciro jaka ko ɗaya, tambayi mai shago: ana canza batirinsa? A ina? In ya yi shiru, kai ma ka riƙe kuɗinka. Ranar da masu saye goma suka yi wannan tambaya, ɗan kasuwa zai fara ɗauko batiran tare da agogunan.

Ƙannenmu masu gyaran salula, ga sana'a a gabanku. Wanda ya iya buɗe waya zai iya koyon buɗe agogo, ya sa batir daidai girmansa, ya kuma faɗa wa mai shi gaskiya cewa bayan buɗewa ruwa zai iya shiga.

Su kuma magadan gari, muna roƙon a ware wurin tara matattun batira a kasuwanninmu. Yanzu juji ake zubar da su, inda yara ke tsince-tsince, awaki ke kiwo, ana kuma cinna wa shara wuta.

Ku fa, wata nawa agogonku ya yi kafin ya fara gajiya? Muna jiran jin ta bakinku. Allah ya sa albarka a abin da muka saya da guminmu.