Motar alfarma ta hannu: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Sharhinmu na yau a kan motoci ne, manyan motocin alfarma na hannu da motocin tsere irin su Mustang, Camaro, Porsche da Mercedes AMG, waɗanda hotunansu ke yawo a WhatsApp da Facebook da farashin da ke sa mutum ya ce yau dare ɗaya Allah ya yi bature.

Wani zai ce ina ruwan manomin Miriya ko na Dungas da zancen Porsche? To, akwai ruwansa. Kuɗin da ake zubawa a irin waɗannan motoci sau da yawa kuɗin gida ne: gumin shekara biyar ko goma na wanda ya tafi ci-rani, ko kuɗin filin gado da aka sayar, ko na shanun da aka kai kasuwa. In motar ta yi kyau, kowa ya ji daɗi. In ta mutu a gareji bayan wata shida, asarar ta dukan dangi ce. Abin da muke son a riƙe shi ne, farashin da dillali ya faɗa maka shi ne mafi ƙanƙantar tambaya. Babbar tambayar ita ce lafiyar motar, da abin da za ta riƙa ci a kowane wata.

Me ya sa mota ta yi tsada?

Nijar ba ta da teku, kowa ya sani. Shekara da shekaru, galibin motocin hannu da ke shigowa ƙasar nan a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke sauka. Daga can su bi ta Paraku zuwa Malanbil, su tsallaka gada su shigo Gaya, su hau Doso, sannan su miƙe gabas ta Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa da Takeita har Damagaram. Shi ya sa ma ake ce musu ƴan Kwatano.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe iyaka. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Nijar suka ci gaba da rufe gadar Gaya bisa dalilan tsaro. Sai kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Togo, su shiga Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar sojoji, kafin su iso Yamai. Daga Yamai kuma sauran kusan kilomita 900 kafin Damagaram. Kowace rana da mota ta kwana tana jiran ayari, kuɗi ne: kuɗin ajiya, abincin direba, kuɗin mai. Ga kuɗin duwan, ga harajin kashi 0.5 cikin ɗari da ƙawancen AES ya sa a 2025 kan kayan da ke shigowa daga ƙasashen waje, ga la'adar dillali. Duka a wuyan mai saye na ƙarshe suke sauka.

Sai batun canji. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Amma motocin Amurka da dala ake sayensu, na Dubai kuma da dirhami, wanda shi ma a ɗaure yake da dala. Duk ranar da dala ta hau kan yuro, motar da ke can ta ƙara tsada a aljihunmu ko da mai ita bai ƙara ko dala ɗaya ba.

Akwai kuma ƙofar kudu. Tun da gwamnatin Najeriya ta saki naira a Yunin 2023, darajarta ta zube daga wajen naira 460 a dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mai sefa a hannu sai ya ga motocin Kano sun yi masa sauƙi, kuma Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, ko ta Magariya aka bi ko ta Matamaye. An sake buɗe iyakar ƙasashen biyu a Maris 2024. Sai dai motar da ta yi shekaru tana aiki a Najeriya hannu na biyu ne ko na uku, kuma sai an biya mata duwan an yi mata takardun Nijar kafin ta zama taka hankali kwance. Wanda ya manta da wannan a lissafinsa zai tuna da shi a shingen farko.

To ita mai arhar fa, me ya sa ta yi arha?

In hanya ta yi tsawo, haraji ya ƙaru, amma aka nuna maka motar alfarma a rabin kuɗin ƴan uwanta, sai ka tsaya ka tambayi dalili. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Dalilan da suka fi yawa guda huɗu ne.

Na farko, ruwa. A Amurka, in guguwa ta kawo ambaliya, kamar Harvey a 2017 da Ian a 2022, kamfanonin inshora kan biya masu motocin da suka nutse, su kai motocin gwanjo a wurare irin su Copart. A Dubai ma, ruwan da aka tafka a Afrilun 2024 ya shanye tituna da motoci masu tsada. Irin waɗannan motoci ana wanke su, a shanya kujeru, a fesa turare, a loda su a jirgi. Inji zai tashi lafiya ƙalau ranar ciniki. Amma motar zamani cike take da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, kuma ruwa, musamman na gishiri, a hankali yake cin su. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi mota ta mutu a tsakiyar hanya ba wanda ya san dalili.

Na biyu, haɗari. Motar tsere don gudu aka ƙera ta, kuma masu ita na farko sun yi gudun da ita. Wadda ta yi karo har ƙashin jikinta ya lanƙwashe, ana iya miƙe ta a yi mata fenti ta fito tana walƙiya, kyan ɗan maciji ke nan. Wata ma jakar iskar da ke kare direba ta riga ta fashe, aka rufe wurin ba a sa sabuwa ba.

Na uku, tsufa da aka ɓoye. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Binciken da aka yi a ƙasar Holan, wanda rahoton ya ambata, ya gano cewa galibin waɗanda ake turowa daga can shekarunsu 16 zuwa 20, kuma da yawa ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi. Agogon kilomita kuwa, mai kwamfuta yana iya mayar da shi baya cikin ɗan lokaci.

Na huɗu, wanda ya fi muni, sata. A Maris 2025 rundunar ƴan sandan duniya ta Interpol ta yi wani samame tare da ƙasashe 12 na yammacin Afirka, aka gano kimanin motocin sata 150, mafi yawansu daga Kanada. Wanda ya sayi irin wannan mota da zuciya ɗaya, ranar da lambarta ta fito a kwamfutar ƴan sanda, ba mota ba kuɗi, ga kuma tambayoyi da zai amsa.

Hanyoyinmu da man da muke sha

A ce ma motar lafiyarta lau, takardunta cif. Sauran tambaya ɗaya: don ina aka ƙera ta? Motar tsere a kwance take, tsakaninta da ƙasa bai wuce taɓin hannu ba, tayoyinta kuma sirara ne. A lungunan Birni da Zango, ko a tudun da ake yi a kan kwalta don rage gudu, cikinta ne zai riƙa gogar ƙasa. Hanyar burji ta zuwa ƙauye da damina, ko yashin arewacin Tanut da Gure, wannan kam ba ma a maganarsa. Mutum ya sayi mota don ya je gaida tsofaffi, ya ƙare yana ajiye ta a bakin kwalta yana hawan kabu-kabu.

Su kuma manyan motoci masu tsayi, irin su Range Rover, da yawansu a kan jakunkunan iska suke tsaye. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, da ƙurar hunturu, su ne maƙiyan roba da na'urorin sanyaya inji. Ranar da jakar ta huje, mota za ta durƙusa kamar raƙumi, kuma kayan gyaranta sai an aika Kano, ko Lome, ko Dubai. Makanikanmu gwanaye ne, Allah ya ba su basira, amma wasu motocin ba sa faɗin ciwonsu sai an haɗa su da kwamfutar kamfaninsu.

Wannan ne ya sa Toyota ta riƙe kasuwa. Hilux da Land Cruiser ba sa faɗuwa a farashi kamar sauran, domin masu zuwa Agadas da wuraren haƙar zinariya na Jado na neman su, kayan gyaransu na nan, kowane gareji ya san cikinsu. Sai dai a nan ma a lura: samfurin 200 da muke kira V8, Toyota ta maye gurbinsa da samfurin 300 mai inji V6 tun 2021. Ke nan duk wanda ya ce maka ga V8 samfurin 200 sabuwa dal ta bana, ka ce ya nuna maka shekarar ƙira a jikin ƙofa.

Mu zo kan mai. Matatar SORAZ tana nan arewa da gari a hanyar Tanut tun Nuwamban 2011, kuma a Yulin 2024 gwamnati ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Mu yi lissafi a kan wannan farashi. In muka ɗauka babbar mota na shan lita 15 a kilomita 100, zuwa Yamai kaɗai lita 135 ke nan, sama da jika 67. Ƙaramar mota mai shan lita 7 za ta je da wajen jika 31. In motar tsere ce ana taka ta yadda take so, lissafin ya wuce haka. Ba mu manta da layukan da aka yi a gidajen mai a Maris 2025 ba. A irin wannan lokaci mutum kan koma ga ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya, wanda tsohuwar Fijo za ta sha ta yi hamdala, amma inji mai turbo na iya kwanciya saboda shi.

Kafin a miƙa kuɗi

Ba muna cewa kada kowa ya hau motar da ransa ke so ba. Wanda Allah ya hore masa, ya kuma san nauyin da ya ɗauka, Allah ya sa alheri. Amma ga abin da ba ya cin ko dala, ko kuma yake cin kaɗan.

Kada a aika kuɗi a kan hoto. Gani ya kori ji. A nemi lambar shasi tukuna. Motocin Amurka da Turai na da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, tana gindin gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa, kuma dole ta zo daidai da wadda ke cikin kart giriz da takardar duwan. A nan ne ƴan uwa na waje za su yi babban amfani: wanda ke Amurka ko Kanada zai iya saka lambar a intanet, a wurare irin su Carfax, ya ga ko motar ta taɓa nutsewa, ko ta yi haɗari, da kilomitan da aka rubuta mata a can.

A je da makanike na kanka, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, kuma a je da rana tsaka. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina. A leƙa ƙarƙashin kujera da ramin tayar safaya, a duba tsatsa ko busasshen laka. A ja bel ɗin kujera har ƙarshe, domin ruwa kan bar shaida a jikinsa. A duba ko fentin ƙofa ɗaya ya bambanta da na ƴar uwarta. In an murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu, haka ya kamata. In agogo ya ce kilomita kaɗan amma sitiyari da abin taka birki sun suɗe, to ɗaya daga cikinsu na ƙarya, kuma ba ƙarfen ba ne.

Sannan a tambayi kuɗin taya ɗaya, da fitila ɗaya, da juyen baƙin mai ɗaya, a kuma tambayi inda ake samun su. In amsar ta sa ka yi shiru, ka samu amsarka. A yi ciniki a rubuce gaban shaidu, kuma kada a kammala biya sai an tabbatar da takardu a wurin hukuma.

Ga iyaye da ƴan uwa na gida kuma, mu rage matsa wa yaranmu na waje cewa sai sun dawo da motar da za ta sa unguwa ta fito kallo. Kallon na kwana uku ne, gyaran na shekaru. Wanda ya dawo da mota mai kai mara lafiya asibiti da damina, ta ɗauko buhunan hatsi da kaka, ya taimaki dangi fiye da wanda ya dawo da wadda ke kwance a ƙarƙashin tamfol.

Masu sana'ar mota, makanikai da direbobi, ƙofar gidan rediyonku a buɗe take. Ku aiko mana da abin da kuke gani a kasuwa da gareji, za mu karanta a shirinmu na gaba. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya sa mu sauka lafiya.